Awon Iskar Ɗakin Feshi

Ranar da za a auna iska, mai garejin ya sa aka wangale ƙofofin ɗakin feshin fenti, abin da ba ya yarda a yi don kada datti ya ɓata jikin mota. Ya ce yau murfin but ɗin wata mota kawai za a fesa.

Mai awon ƙanwar babban mai feshin ce. Ita ta dame su a wurin aikinta har aka turo ta, don ta gaji da jin ƙirjin yayanta yana fito. Ta ɗaura masa ɗan famfo a ƙugu, ta zagayo da siririn tiyo zuwa wuyan rigarsa. A bakin tiyon akwai 'yar takarda mai sinadari, wadda ke kama isosayanet, gubar da ke tashi in ana fesa fentin.

"Auta, kin ɗaure ni kamar ragon kasuwa," in ji shi. Dariyar ta juye tari.

"Yaya, haka kuke aiki kullum? Ƙofa a buɗe?"

Ya saci kallon mai garejin. "Kusan haka."

A ɗakin gwaji ta jiƙa takardar a ruwan sinadari, ta ba injin, ta zuba wa allo ido. Layin ya ɗan ɗago, ya kwanta. Bai ko kusanci iyakar haɗari ba. Ta maimaita, haka ya fito.

Ta sami shugabanta ta faɗa masa batun ƙofofin, ta roƙi a bar ta ta koma ba sanarwa.

"Ba mu da ikon shiga sai sun yarda," ya ce. "Abin da kika kamo shi za mu faɗa. Ki yi haƙuri."

Da yamma ta tarar da yayan zaune a tsakar gida, ya dafa gwiwoyi, kafaɗunsa na hawa da sauka. Matarsa na tsaye da kofin ruwa.

"Me injin naki ya ce?"

"Ya ce iskar lafiya lau take."

"Ashe ni ne na lalace."

"Yaya, likita fa ya ce ka bar feshi."

"In bari in kama me, Auta? Shi kaɗai hannuna ya iya."

Ta zauna gefensa tana shafa masa baya har numfashin ya ɗan daidaita. Washegari ya tafi aiki.