Hannun da Bahago Ya Sare

Malam Mika'ilu bai tsaya jingine kekensa ba, sakinsa ya yi a ƙofar zauren ya kutsa ciki. Lawal mai rini, maƙwabcin da ya je har Wusasa ya kira shi, yana biye yana haki.

Jinin ya fara gani, ya jiƙa kututturen da Bahago yake buga fata a kai, ga gatari yashe a gefe. Bahago na zaune jingine da bango, an naɗe masa hannun dama da zanen matarsa Batulu, wadda ta dafe wurin.

"Inji ne? Tsautsayi?" in ji Mika'ilu.

"Wane inji, Malam?" Lawal ya ce. "Da kansa ya ɗora hannun ya sare. Mun tambaye shi dalili, ya ce ku za a tambaya."

Mika'ilu ya durƙusa gaban Bahago. Shekara ashirin da shida yana aikin katikis, mai koyar da addini a coci, kuma shi ya koya wa Bahago karatu. Bahago baduku ne, ɗan unguwar Kusfa, wanda ya karɓi Kiristanci shekara uku da suka wuce, danginsa suka daina cin abinci da shi, amma bai fasa tako ƙafa ya zo sujada ba.

Ranar Larabar da ta wuce, a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki suka zo kan ayar da ta ce in hannunka na dama yana kai ka ga zunubi, ka yanke shi ka yar. Ramatu, malamar makaranta da ba ta daɗe da gama jami'a ba, ta ce, "Baba, ai wannan salon magana ne. Ana nufin mutum ya rabu da abin da ke jan sa ga ɓarna, ko da yana ƙaunarsa." Mika'ilu ya bugi tebur. Ya ce daga ranar da aka fara cewa wannan misali ne, wancan ma misali ne, rannan aka fara rushe bangaskiya. "Abin da aka rubuta, shi ake nufi. Mai yi wa maganar Allah kwana, wuyarta yake gudu." Dattawa suka gyaɗa kai, shi kuwa ya koma gida yana jin daɗin ya kare gaskiya. Bai ko lura da Bahago a bencin baya ba.

Lawal ya samo wata Fijo a bakin kasuwa, aka ciccibi Bahago aka sa shi a baya, Batulu ta shiga gefensa. Mika'ilu ya riƙe masa kai a cinya. Suna fita ƙofar gari Bahago ya buɗe ido.

"Na mare ta, Malam. Da safen nan. Karo na huɗu ke nan tun da na yi miki alkawari, ko ba haka ba, Batulu?"

Batulu ta rushe da kuka. "Ni na ce ka yi wannan? Da me za ka riƙe fatar yanzu?"

Mika'ilu ya dubi kumatunta, na dama ne ya kumbura. Ya dubi hannun da ya rage, mai kauri, mai kanta. Sai a lokacin abin ya faɗo masa.

"Bahago, ba da hagu kake komai ba? Da wanne ka mare ta?"

"Da hagun."

"To, me ya sa..."

"Na yi ta tunani, Malam. Amma dama aka rubuta. Kun ce kada a yi kwana."

Direban ya ce, "Innalillahi," ya ƙara wuta.

A asibiti likita ya ce rai ya tsira, amma hannu sai dai a gyara dungun. Bayan la'asar aka bar Mika'ilu ya shiga. Bahago ya yi fari fat, muryarsa can ƙasa.

"Malam, ɗazu Batulu ta zubar min da ruwa a jiki, na ji zuciyata ta taso kamar kullum. Ba abin da ya ragu." Ya nuna jakar Mika'ilu, inda Littafin yake, da haɓa. "Ku duba min gaba. Saura me zan cire?"

Mika'ilu ya ja jakar ya tura ta ƙarƙashin kujera.

"Kada ka taɓa komai," ya ce. "Ka ji ni? Ko farce."

Ya fita. Kekensa na can Kusfa, don haka a ƙafa ya nufi makarantar su Ramatu. Ya same ta tana rufe aji. Ta rusuna za ta gaishe shi, ya riga ta cire hula.

"Malama," ya ce, "akwai mai tambaya a asibiti. Ni ban da amsa."