Fuskar Fatiha a Hannun Baƙuwa

Hure ta kusa awa biyu a layin mata kafin ta ga fuskar ɗiyarta da ta rasu.

Matar da ke gabanta ce ke riƙe da ita. Doguwa ce, cikin hijabi ruwan toka da niƙabi, ta mayar da hannu baya tana sosa ƙugu, katin zaɓe na tsakanin yatsunta da suka yi baƙi ƙirin da lalle. Hoton da ke jikin katin ya juyo yana kallon Hure. Faffaɗan goshi, ɗan tabo a gira, da jan kallabin nan da ita Hure ta sayo da kanta a kasuwar Bukkuyum. Fatiha ce. Wata takwas ke nan da binne ta. Naƙuda ce ta zo da gardama cikin damina, hanya ta caɓe, ta cika a bayan babur tun ba a kai asibiti ba.

Fatiha ba ta taɓa ɗaukar wani hoto ba a duniya sai wannan. Hure ta adana katin a cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa, takan ɗauko ta duba idan abin ya taso mata. Sai Makau, ɗan siyasar mazaɓar, ya bi gida-gida yana karɓar katuna, wai za a rubuta sunaye a raba takin zamani, kowane kati da rabonsa. Hure ta miƙa nata, ta tsaya jim, sannan ta haɗa da na Fatiha. Bayan sati uku ya maido mata da nata shi kaɗai. Ɗayan, in ji shi, ya ɓace a ofis. Sau huɗu tana zuwa ƙofar gidansa, ana ce mata ya tafi Gummi. Takin ma bai zo ba.

Ta taɓa kafaɗar matar. "Baiwar Allah, ina kis samu wanga kati?"

Matar ta fizge hannu ta cusa cikin hijabi, ba ta ko waiwayo ba.

"Da ke nike."

Layi ya matsa gaba.

Ba abin mamaki ba ne a ga baƙin fuska ranar. Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka uku na yamma da Nasarawa Burkullu, aka haɗe rumfunan zaɓensu a wannan makarantar firamare, kowa na zaton na kusa da shi daga ɗaya ƙauyen yake. Farar bas da ta sauke mata da hantsi a gindin tsamiya ma haka aka ɗauke ta, aka ce 'yan gudun hijira ne suka dawo yin zaɓe.

Kuma tun da safe aka sha rigima a kan hoto. Malamin zaɓen, wani ɗan bautar ƙasa mai suna Collins, ya zo da ƙa'ida: a saka kati a na'ura, a ɗora yatsa, in yatsa ya ƙi, a dubi hoto a dubi fuska. To yatsun mata kusan duk sun ƙi, domin shekaranjiya matar Makau ta raba lalle kyauta, gida-gida, har Hure ta ƙunsa. Da aka zo kan tsohuwa Iyatu, wadda ta yi unguwarzomar rabin garin, hotonta ya fito dishi-dishi kamar an shafa gawayi. Collins ya duba, ya sake dubawa, ya ce bai gamsu ba, ta koma gefe. Gari ya ɗauka. Makau ya hau dakalin aji da babbar rigarsa yana cewa hoton wa ya taɓa yin kama da shi a wannan kati, shi kansa a nasa kamar ɓarawon awaki ya fito. Aka yi dariya. Sai ya sauya murya, ya ce kuma wane ne ya ba yaro baƙo izinin ƙura wa matan aure ido a gaban mazajensu? Nan maza suka daina dariya. Kofur Halliru, ɗan sanda ɗaya tilo da aka turo, ya raɗa wa Collins cewa in yana son komawa gida lafiya ya sassauta. Iyatu ta jefa ƙuri'arta. Daga lokacin Collins bai sake ɗaga kai ya dubi mace ba. Yatsa ya ƙi, sai a dangwala a rajista, a miƙa takarda, a kira ta gaba.

Mai hijabin toka ta isa tebur. Collins ya karɓi katin, na'ura ta yi ƙara, yatsa ya ƙi. Ya jawo rajista, kansa a sunkuye.

Hure ta fita daga layi ta kifa tafin hannunta a kan rajistar.

"Mama, ki jira layi," in ji Collins. Hausarsa ta barikin Kaduna ce, tana fita a daddatse.

"Yaro, katin ga ba nata ba ne. Mai shi tana cikin kabari."

Masu sayar da gyaɗa da ke bakin taga suka leƙo. Makau ya taho daga inuwa yana murmushi, goro a kunci.

"Inna Hure, rana ta yi maki yawa. Ku ba ta ruwa."

"Ruwanka na sha, Makau. Ka ce min ya ɓace a ofis. Wagga ita ce ofis ɗin?"

Wasu mata suka ƙyalƙyale. Jabiru, wakilin ɗaya jam'iyyar, wanda tun safe aka fi ƙarfinsa ya koma cin rake, ya jefar da raken ya matso. "A buɗe fuska a gwada da hoto. Abin da nike faɗi tun safe ke nan."

"Kai ka buɗe ta matarka tukuna," in ji Makau. "An gama wagga magana. Da an bi taku, da yanzu Iyatu na gida tana kuka. Ko kun manta?"

"Iyatu kowa ya san ta," wani ya faɗa daga layin maza. "Wagga fa ɗiyar wa ce?"

"Matar aure ce, ba a tambayar ta a bainar jama'a."

Collins ya kife katin a tafinsa ya rufe da ɗaya hannun. Gumi na bin wuyan farar rigarsa. "Mama, ba zan buɗe fuskar kowa ba, an hana ni. Amma akwai hanya mai sauƙi. Kin ce 'yarki ce. Faɗa mini sunan da ke jiki."

Murmushin Makau ya ƙara faɗi. Shi ya san abin da yaron bai sani ba. Fatiha ce 'yar farin Hure, kuma uwa a nan ba ta kama sunan ɗan fari. Shekara ashirin da uku Hure ba ta taɓa furta shi ba. "Ke" take cewa, ko "wance", ko ta aiki wani ya kira ta. Ko ranar da aka shigo da gawar, "yarinyar" ta ce.

"To, Inna," in ji Makau a hankali, "malami na jira."

Hure ta dubi ƙasa. Wata mata ta buɗe baki za ta faɗa a madadinta, Makau ya ɗaga yatsa. "A'a. Ita tac ce ɗiyarta ce. In wani ya faɗi, an shirya ke nan." Ya juya ga jama'a. "Kun gani? Ba ta sani ba. Kuma bari in tambaye ta gaban kowa. In da gaske mai katin ta mutu, wa yab ba ni shi? Sata na yi? Na shiga ɗakinki?"

Nan ne abin ya fi ciwo, domin gaskiya ya faɗa.

"Ni nib ba ka," in ji Hure. "Da hannuna. Na san ta rasu, na haɗa da nata don a ƙara min taki. Na yi kwaɗayi, Allah na gani, ku ma ku ji. Gero nika so in shuka. Ban ba ka don ka tashe ta daga kabari ta yi maka layi ba."

"Sunan, Mama," in ji Collins, a hankali wannan karon.

Ta ɗago kai. Ba Collins ta kalla ba, hannunsa ta kalla, inda katin yake rufe.

"Fatiha," ta ce. "Fatiha Mamuda."

Tsohuwa Iyatu, da ke zaune a kan benci, ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Mazan da ke kusa suka kau da kai, kamar sun ga abin da bai kamata su gani ba. Collins ya buɗe hannu, ya karanta, ya dubi Kofur ya gyaɗa kai. Sannan ya juya ga mai hijabin toka.

"Ke kuma, yaya sunanki?"

Matar ta dubi Makau. Makau na duban rufin kwano.

"Fatima," ta ce.

Iyatu ta miƙe da sandarta. "Ku maza ku juya baya. In kunyar namiji ce, ni ba namiji ba ce. Ni na yanke cibin mai wanga kati." Ba ta jira izinin kowa ba, ta ja matar zuwa bayan allo. Ba a yi minti ɗaya ba ta fito. "Yarinya ce ƙarama, fara sol. Ta ce sunanta Hidaya, daga wajen Gummi. An yi masu alkawarin atamfa da sabulu. Ta ce a gindin tsamiya aka raba masu katunan."

Kafin ta rufe baki, layin mata ya fara tsinkewa daga baya. Ɗaya, biyu, biyar, matan bas ɗin nan suna zamewa ta gefen katanga, suna sakin katuna a ƙasa. Injin bas ya tashi. Jama'a suka duƙa suna tsinta. Wani dattijo ya ɗaga ɗaya ya ce na ƙanwarsa ne, tana Anka tun bara. Wata ta tsinci na maƙwabciyarta da 'yan bindiga suka tafi da ita, har yau ba labari. Ta zauna a ƙasa da katin a cinyarta.

Makau ya raɓo kusa da Hure, murmushin ya tafi. Ya yi ƙasa da murya.

"Inna, katin kika so, ko? Ki ce kuskure ne, an yi musanya wajen rabo. Ni zan sa yaron ya miƙa maki shi yanzu, ki tafi gida da ɗiyarki. In aka rubuta, sheda ya zama. Bukkuyum za a kai shi, daga can Gusau, ya shiga durowar da ba mai buɗewa. Ba ki ƙara ganin shi."

Ta juya ga Collins. "Gaskiya ne?"

"In na rubuta rahoto, katin zai bi rahoto, Mama. Ban san ranar da zai dawo ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"In ba ka rubuta ba fa?"

"To babu abin da ya faru."

Hure ta miƙa hannu. "Ba ni in gani."

Ya ɗan yi jinkiri, sannan ya ba ta. Ta riƙe shi da hannu biyu. Wani ya goga masa tawada a gefe, kuma ya sha lanƙwasa a aljihun wani. Ta sa bakin zane ta goge tawadar, ta daɗe tana dubawa. Makau na tsaye yana jira, har ya fara gyara hula.

Ta ajiye katin a kan rajista.

"Rubuta. Ka sa ni nib ba shi, ka sa abin da yac ce min. Ka sa ranar da tar rasu, Laraba ce, watan Shawwal. Ka sa sunanta daidai."

"Za ki yi nadama, tsohuwa," in ji Makau.

"Na riga na yi, tun ranar da kaz zo da maganar taki."

Jabiru ya fara ihun a soke rumfar duka, wasu suka ce a'a, su da suka yi layi tun asuba fa? Aka koma gardamar safe, sai dai yanzu ba mai dariya. A ƙarshe aka ɗora Iyatu a kan kujera kusa da tebur, duk macen da yatsanta ya ƙi, ita ke duba fuska da hoto a bayan allo. Layi ya koma tafiyar hawainiya. Ƙuri'un da matan bas suka riga suka jefa kuwa suna cikin akwati, babu mai iya tsamo su. Kofur ya ce zai tsare Makau, ya shiga aji neman igiya, kafin ya fito Makau ya hau bayan babur.

Da la'asar aka tattara katuna goma sha tara cikin ambulan, Collins ya manne bakinsa ya sa hannu, Kofur ya cusa a jaka. Motar kayan zaɓe ta iso, aka loda akwati da jakar. Collins zai shiga sai ya ga Hure tsaye a bakin ƙofa da ƙullin kayanta.

"Mama, babu wuri. Doka ma ta hana."

"Na ji."

Ta ɗaga wa wani ɗan kabu-kabu hannu, ta tattare zane ta hau.

"Ina muka nufa, Inna?"

"Ka ga waccan mota? Ka bi ta. Kar ka bari ta ɓace maka."

"Har Bukkuyum?"

"Har inda aka aje waccan jaka. Ina son in ga durowar da idona, in san mai riƙe da mabuɗin."

Motar ta tashi, babur ya bi bayanta.