Kofi Uku na Mang Engkos

"Shanye duka, Mang, kada ka bar min ko ɗigo," na ce, ina tsaye a kansa riƙe da ƙugu.

Mang Engkos, maƙwabcinmu mai kiwon kifi, ya dubi kofin, ya dubi matarsa Bi Onih, sannan ya kafa kai ya shanye.

"Na gode, Popon. Yau ma da ɗaci kamar bakinki."

"Ɗacin ne maganin, tsoho."

Tun ranar da na dafa wa mijina ganyen maganin da muke kira kumis kucing da saiwar tofa ya fitsarar da tsakuwa kamar ƙwayar masara, kaina ya kumbura. Duk ƙauyenmu ba mai cewa ƙoda a gabana ban ɗora tukunya ba. Da aka fara kai Mang Engkos asibitin garin Garut wankin ƙoda sau biyu a mako, ban jira an neme ni ba. Na ce kofi uku kullum, ni da kaina zan riƙa kawowa.

Kwana goma sha biyu muka yi a haka. Ƙafafunsa suka kumbura, na danna da yatsa, na ce cutar ce ke gangarowa za ta fita. Da bakina na faɗi wannan, har da murmushi.

Ranar Juma'a da hantsi numfashi ya gagare shi. Aka sa shi a motar mai kayan miya, kafin la'asar aka dawo da gawarsa.

Ranar addu'ar uku ina madafarsu ina turara shinkafa, 'yarsa Yuyun da ke aikin masaƙa a birnin Bandung ta tsuguna kusa da ni tana ɓare albasa.

"Bi Popon," ta ce a hankali, "likita ya ce ruwa ne ya cika masa huhu. Ƙodarsa ta daina fitarwa, ba irin ta mai tsakuwa ba ce. An ce kada ya wuce kofi biyu a yini, har da romo."

Na ajiye ludayin.

"To, me ya hana shi faɗa min?"

"Na yi masa faɗa a waya. Ya ce, 'Matar da ke hawa tudu cikin raɓa ta tsinko ganye saboda ni, da wane ido zan ce mata a'a?' Innata ma ta sani."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Sai ga Bi Onih ta shigo, ta kama hannuna a gaban matan unguwa. "Ku gan ta nan, ita ce ta tsaya mana. Ko yini ɗaya ba ta tsallake ba."

Mata suka yi ta sa min albarka. Kunya ta rufe ni, na ce zan je in ɗebo itace.

A bakin ƙofar baya, wajen tafkin kifinsa, na ga silifas ɗinsa. An tsaga maɗaurinsu da wuƙa don ƙafa ta samu shiga, an ƙara da igiyar leda. Ɗaya ya kife. Na durƙusa na juya shi, na jera su, kifayen kuma suka taso bakin ruwa da jin motsin mutum.