Wuƙar Hasiya

A gindin darbejiyar bakin tashar Bodinga Yahaya dillalin albasa ya ƙulla ciniki da Ɗantani, ɗan gambara daga Shagari, wanda ake cewa in ya yi maka zambo da hantsi, kafin la'asar yara sun haddace.

"Rago guda, tumɓuɓu, na kiwon gida," in ji Yahaya. "So nike ka tuɓe min Bashar tsirara ranar bukin Shagari."

"Wane Bashar? Mijin ƙanwarka?"

"Shi."

Ɗantani ya tauna goro yana kallon sa. "To, ba a yin zambo da iska. Ba ni abin da zan riƙe."

Abin da ya kawo Yahaya gindin itacen nan kujera ce. Shugaban dillalan albasa ya rasu, dattawan ƙungiya za su naɗa wani kwana uku bayan bikin, kuma suna biyu kawai ake ambata, nasa da na Bashar. Shekara talatin Yahaya na shan warin albasa a rumfa. Bashar kuwa yaro ne da ya koya wa ɗinkin buhu da hannunsa, ya kuma ba shi auren ƙanwarsa Hasiya. Yanzu a ce shi zai riƙa durƙusa wa? Ya sunkuyo ya rage murya.

Bashar ba ya iya ganin jini. Layyar farko bayan aurensa, yana ɗora wuƙa a wuyan rago ya zube sumamme. Tun daga nan, duk Babbar Sallah yakan tura yara waje, ya rufe zaure ya ce ba ya son 'yan kallo, ya shige ɗaki ya toshe kunne. Hasiya ce ke ɗaure zane, ta danne rago da gwiwa, ta yi bisimilla ta yanka. Shekara goma sha huɗu ba wanda ya sani. Yahaya ma tabo ya gani a babban yatsanta, ya matsa mata da tambaya har ta faɗa, bayan ta sa shi ya rantse da kabarin uwarsu.

Ɗantani ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Da ya farfaɗo sai ya ɗaga yatsa.

"Sharaɗi guda. Ni ka jifa, kai ka kama bakinka. Zambo bai da suna. A bar shi ya kwana biyu yana yawo, shi da kansa zai gano gidan mai shi."

"Na ji," in ji Yahaya. Kunnensa dai ya ji.

Ranar biki dillalan Bodinga suka cika motoci biyu zuwa Shagari, ɗan abokin cinikinsu ke aure. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa a gaba, Baba Shaihu babbansu a kan kujerar roba. Bashar ya zauna kusa da su cikin farar shadda. Ɗantani ya shigo fili da gangarsa a rataye, ya wasa ango, ya taɓa 'yan mata, ya ce da wani marowaci tuwon gidansa sai an sa tabarau ake ganin miya. Da ya ga jama'a ta ɗumama sai ya sauya kiɗa.

"Wani gida na sani, ban hwaɗi garin ba! Rago na tsakar gida, raggo na ƙarƙashin gado! Ga wuƙa, ga wuya, mai gida ya ɓuya, bai hitowa sai an aza tuya!"

Fili ya ɗauka. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin zaure, wani tsoho ya faɗi gefe yana riƙe ciki. Kowa na leƙen fuskar na kusa da shi, ana neman wanda zai tsargu.

Yahaya fuska ɗaya yake kallo. Ta Bashar. Sai Bashar ya fashe da dariya har ya fi kowa, ya tashi, ya shiga fili yana liƙa wa Ɗantani kuɗi a goshi yana cewa, "Ƙara, ɗan banza! Allah shi tsine ma wanga raggo!"

Yahaya ya waiwaya yana duban jama'a. Ragonsa na can ɗaure a gidan Ɗantani, ga mutumin da ya saya wa kunya yana rawa a tsakiyar fili, Baba Shaihu na murmushi yana gyaɗa masa kai. Wasu har sun fara nuna wani direba ɗan Dingyadi da ba ruwansa. Kwana uku ya rage, zambon kuma zai je ya kwana a gidan da ba a aike shi ba. Ɗantani ya harari Yahaya ta gefen ido. Bai gani ba, ya riga ya miƙe.

"Wai ba ku gane ba? Bashar na! Da shi akai! Ku tai ku dubi yatsan Hasiya, ita ad da wuƙar!"

Ganga ta tsaya. Dariyar ta mutu kamar an zuba wa garwashi ruwa. Kowa a wurin nan ya san ka'ida tun yana yaro: ɗan gambara wasa yake yi, wanda ya fassara shi ne ya yi zagi. Bashar ya gyara hularsa, ya rusuna wa Yahaya kamar yadda yakan yi kullum.

"Yaya, ni dai ban ji sunana bakin Ɗantani ba. Bakinka na ji shi."

Baba Shaihu ya ce a miƙo masa sandarsa. Yana tashi ya ce, ba da ƙarfi ba, "Mu da muke ciniki cikin hannun riga don kar na kusa shi ji. Wanda bai iya rufe asirin ɗakin ƙanwarsa, ya za a yi da asirin rumfa?"

A hanyar komawa ba wanda ya zauna kusa da Yahaya. Direba ya sa shi gaba shi kaɗai.

Washegari da hantsi keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gidansa. Hasiya ta sauko da ƙullin kaya biyu da takardar saki a hannu. Bashar bai dake ta ba, bai ko ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi mata, mutum nawa ke cikin gidan nan ranar Sallah in an rufe zaure. Ya riƙe 'ya'yansa huɗu. A saman kayanta ya ɗora wuƙar layya, a naɗe cikin tsumma, ya ce ai tata ce.

Ta tarar da Yahaya a zaure. Ya fara cewa, "Hasiya, wallahi don gidanmu na yi, in na samu kujerar nan ke ma..."

"Da kabarin Inna ka rantse, Yaya," in ji ta. Ta ajiye wuƙar a gabansa ta wuce ciki.

Ranar naɗi dattawa ba su ɗauki ko tsawon shan shayi ba. Bashar ya zama shugaba. Da Sallah ta zagayo ya buɗe zaurensa wangame, ya kira mahauci a gaban kowa, aka ce ai dama manya ba su yanka da kansu. An ɗan yi gunagunin raggo wata biyu a bayan rumfuna, amma wanda ke raba wa mutane motar lodi ba a daɗe ana yi masa dariya.

Zambon sai ya koma inda ba mai tare masa. Duk rijiyar da Hasiya ta je, yara na bin ta suna tafi: "Ga wuƙa, ga wuya!" 'Yan unguwa suka sa mata Mahauciya. Zawarci biyu aka fara, duka suka watse, don abokan mazan suna tambayar su ko sun auna wuyansu.

In lissafi ake so, Ɗantani ya ci rago, ya ci liƙi, ya samu waƙar da yake ci da ita daga Sifawa har Shagari. Bashar ya ci kujera, kuma kafin damina ya sake aure. Yahaya ya rasa rago da kujera, ya samu bakin ciyarwa guda da ba ya ce masa ina kwana. Hasiya kuwa, wadda ba ta je bikin ba, ba ta ma ji zambon da kunnenta ba sai a bakin yara, ita ta biya duka.