Kaset Na Biyar Na Samarin Birni

Maman Lawali ya zo Jidda daga Damagaram a shekarar 1994, da gita a naɗe cikin bargo. Umara ya ce zai yi ya koma, amma shekara tara ke nan yana nan. Kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa wajen hukuma, Alhaji Saleh ne, Batakare haifaffen Makka mai shagon kaset a unguwar Ruwais. A iƙama, takardar izinin zama, an rubuta Maman direba ne, alhali aikinsa kwafar kaset a bayan shago. Ran Alhamis da Juma'a kuma shi da abokansa biyu suna kiɗa a gidajen biki da suna. Sunan ƙungiyarsu Samarin Birni, duk da cewa furfura ta fara kama Na'ibi mai ganga.

Kaset huɗu suka yi, duka huɗun suka karɓu wajen 'yan Nijar da 'yan Cadi. Kowane kaset da gita yake farawa, ganga ta biyo, sannan Maman ya shigo da murya yana kiran sunayen garuruwa. Wanda ya ji na farko ya ji na huɗu. Maman ya fi kowa sanin haka, domin yatsunsa kan je inda suka saba tun bai yi tunani ba, har yakan tsinci kansa a tsakiyar waƙa yana tunanin cefanen gida.

Na ukunsu shi ne Abdulghani mai piyano, haifaffen Jidda, wanda yake jin Hausa sosai amma in ya buɗe baki rabi Larabci ne. Wata ranar Talata bayan la'asar ya hawo ɗakin da suke gwaji a saman bene, inda suka toshe taga da katifa saboda maƙwabta. A hannunsa akwai udu, garayar nan ta Larabawa mai ƙaton ciki.

Ya ce, "Yaya Maman, saurara bas. Minti ɗaya."

Ya kaɗa wani take na mutanen Hijaz, irin wanda ake rawar sanda da shi. Maman ya saurara, ya ɗauki gita ya bi shi a hankali. Sau biyu suna karo, a na uku sai suka haɗu. Na'ibi ya ajiye kofin shayi ya shigo da ganga. Ba su tsaya ba sai da aka kira magariba, zufa ta jiƙa su sharkaf. Maman ya sauko bene, ya rasa yaushe rabonsa da jin daɗin kiɗa haka.

Cikin wata biyu suka haɗa waƙa shida. A cikinsu ba ya kiran garuruwan gida. Ya yi waƙar layin ruwan tanka a Ruwais, ya yi ta mutumin da ke canza hanya in ya hango motar 'yan sanda, ya yi ta 'ya'yansa da ke amsa masa da Larabci. Suka ɗauka a rikoda, ya kai wa Alhaji Saleh.

Alhaji ya saurari waƙa ɗaya da rabi, ya kashe.

"Kiɗan ya yi daɗi, wallahi. Amma wa zai saya?"

"Mutanenmu mana, Alhaji."

"Mutanenmu sun san layin ruwa, Maman, a cikinsa suke wuni. Matar da ta yi wankin Larabawa tun safe, in ta zo nan gida take nema ta saya. Balarabe kuma yana da masu udu da suka fi Abdulghani. Ka yi mini irin na da, halas."

Sai Maman ya faɗi abin da ya daɗe yana juyawa a ransa. "To a ba ni fasfona. In tafi Yamai in yi can."

Ya zaci Alhaji zai yi faɗa. Sai ya ga ya jawo aljihun tebur, ya fito da fasfon ya ɗora a gabansa. Maman ya buɗe. Shekara huɗu da ƙarewar wa'adinsa.

Alhaji ya ce, "Wannan ana sabuntawa, ba matsala. Matarka Rakia fa? Da bizar umara ta shigo, ka sani. Yaranka uku babu mai takarda ko ɗaya. A wace jaka za ka sa su?" Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko wani kaset. "Jiya wani alhaji ya kawo mini wannan daga Yamai. Shi ake yayi."

Ya kunna. Gangar inji ce ke bugawa, samari na zuba magana da sauri, Hausa da Zabarmanci da Faransanci a cakuɗe. Babu gita ko kaɗan. Maman ya saurara har ƙarshe bai gane inda zai sa hannu ba. Ashe kiɗan da ake kira kiɗan gida a Ruwais, a gida an daɗe da wuce shi. Ya tura fasfon gaban Alhaji, ya koma bayan shago.

Duk da haka bai haƙura ba. Ran Juma'a aka gayyace su sunan jikan wani ɗan kasuwa a wani gidan biki da ke bayan unguwar Safa, maza a tsakar gida, mata a ciki ana kai musu sauti ta lasifika. Bayan an ci shinkafa da rago, Maman ya yi wa Abdulghani ido, shi kuma ya ɗauko udu. Suka fara waƙar layin ruwa.

Babu wanda ya yi musu ihu ko ya ce su tsaya. Mutane dai suka koma hirarsu. Wani dattijo ya tashi neman buta. Samari biyu haifaffun nan suka ɗan gyaɗa kai, sannan suka fita waje. Kafin a kai amshi na biyu, mai gidan ya zo ya raɗa wa Maman cewa Hajiya Indo na kiransa a bakin ƙofar mata.

Kowa ya san Hajiya Indo. Da ƙafa iyayenta suka fito da ita daga Mirya tana yarinya, ba ta sake komawa ba. Yanzu ido ya tafi. Ta bayan labule ta yi magana.

"Ɗana, kai ne Maman?"

"Ni ne, Inna."

"Me muka yi maka?"

"Ba komai, Inna. Sabuwa ce muka yi."

"Allah ya yi albarka. Amma ni ba na fita sai in an ce za ku zo. In ka kira Mirya, ina ganin tsamiyar ƙofar gidanmu. Ka kira mini ita, kafin a zo ɗaukata."

Maman ya so ya ce mata wataƙila an sare tsamiyar tun kafin a haife shi. Sai kawai ya koma wurinsa, ya gyara wayar gita, ya fara yadda ya saba farawa. Nan take guɗa ta tashi daga cikin gida, maza suka miƙe. Abdulghani ya mayar da udu cikin jaka, ya danna piyano fuska a ɗaure.

Bayan sati biyu Abdulghani ya same shi a bayan shago. Wata ƙungiyar 'yan Hijaz ta ɗauke shi, masu kiɗa a manyan ɗakunan biki.

"Na yi musu maganarka, Yaya. Suna son mai gita. Yalla, ka zo."

"Da Hausa zan yi waƙa?"

"La', babu waƙa. Ka tsaya a baya, ka bi abin da suka rubuta."

Maman ya girgiza kai. Suka yi musabaha mai tsawo, Abdulghani ya tafi da kaset ɗin waƙoƙin nan shida, domin shi kaɗai ne ya nemi a ba shi.

Alhaji Saleh ya samo musu wani mai piyano ɗan Abeche ta Cadi, wanda ya haddace kaset ɗinsu huɗu tun yana can. A watan Shawwal suka hau saman bene don ɗaukar na biyar. Na'ibi ya gyara katifar taga, ya zauna a bayan ganga, ya dubi takardar da Maman ya jera sunayen waƙoƙi takwas.

"Da wacce za mu fara?"

Maman ya rataya gita a wuya. Ya ce, "Wadda ka ga dama. Buga kawai, zan biyo ka."