Igiyar Armand

Ƙofar ƙarfe ta gama rufuwa a bayansu, ruwa ya fara janyewa, Odile kuwa tana ɗakin tuƙi, idonta na kan mijinta Armand can a goshin jirgi. Tsakuwa suka ɗauko daga Basel. Sun bar kogin Rhine sun shiga hanyar ruwan da aka haƙa a gefensa, inda ruwa ba ya fizga, amma dole a bi ta akurkin siminti ɗaya bayan ɗaya: a kulle jirgi a ciki, a zuƙe ruwan, ya yi ta sauka kamar guga a rijiya, sannan a buɗe masa gaba.

Duk wanda ya tashi a jirgi ya san ba a ɗaure igiya a akurki. Zarga ta ake yi a turken bango, a riƙe bakinta, ana saki da kaɗan-kaɗan. Armand ɗin nan shi ya koya mata, da masifa kuwa, tun tana amarya. To amma tun bazara kansa ya fara zuba. Yau tabarau a firiji, gobe ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Ba ta gaya wa kowa ba, har 'yarsu da ke Colmar, don ta san ranar da likita ya ji, an raba shi da ruwa ke nan. Mutumin da bai taɓa kwana a gidan da ba ya motsi ba, ina za a kai shi?

Sai ta ga ya miƙe, ya karkaɗe hannuwa, ya zura su a aljihu. Gabanta ya yanke ya faɗi. Ashe ya ɗaure igiyar. Ɗauri irin na an iso masauki, mai kyau, wanda ba ya kwantuwa.

Ta fizgi oba-oba ta ce wa mai kula da ƙofa ya tsayar da ruwan. Ya ce ya danna maɓalli, amma ruwan da ya riga ya kama hanya ba ya tsayawa nan take. Igiya ta riƙe goshin jirgi ruwa na sauka, jirgi ya fara karkacewa, kofin kofi ya sulale ya faɗo. Igiyar ta miƙe tana wani irin kuka. Odile ta taɓa ganin abin da tsinkakkiyar igiya ta yi wa ƙafafun wani matuƙi ɗan Beljiyam, har yau ba ta son tunawa. Ga Armand tsaye dab da ita, yana kallon tattabaru a saman bango.

Ta zari gatarin da ke rataye a bakin ƙofa, ta bi siririn gefen jirgi da gudu, tsoro kamar ya kashe ta. Ihu ya zo mata har maƙogwaro, ta haɗiye shi. Kwanan nan in aka daka masa tsawa ƙamewa yake yi wuri ɗaya.

"Tsoho," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "kofinka na hucewa. Je ka sha."

"Ke fa?"

"Ga ni nan tafe."

Ya juya, yana tafiya a natse, kamar mai yawon shan iska. Ta bari sai da ya wuce murfin farko na rumbun tsakuwa, sannan ta rintse ido ta sara. Igiyar ta yi ƙara kamar bindiga, ta zabgi bango daidai saitin inda yake tsaye ɗazu. Jirgi ya faɗa ruwa, ya yi tangal-tangal, ya daidaita. Odile ta zube a kan ƙarfen, hannunta ya ƙi sakin gatarin.

Da ƙofar gaba ta buɗe suka fito, Armand ya dawo riƙe da guntun igiyar, yana juya shi, fuska a murtuke.

"Wane sakarai ne ya ɗaure igiya a akurki? Kashe mutum ake so a yi?"

Ta dube shi. Da gaske yake tambaya.

"Ni ce," in ji ta.

Ya dafa kafaɗarta, yadda ya daɗe bai yi ba. "Tsufa ne, tsohuwa, kada ki damu, ba mai ji a bakina. Ki tsaya a kan sitiyarinki. Igiya ki bar mini."

Ya koma goshin jirgi yana fito. Can gaba, fitilar akurki na biye ta riga ta koma kore. Odile ba ta mayar da gatarin marataya ba, ta ajiye shi kusa da ƙafarta.