Anaiba Ta Ƙi Ba da Fuskar Katantanwa

Guguwar da ta afka wa garin Yamoka ba ta bar ko jinka ɗaya a tsaye ba. Ta baje kunyoyin rogo, kwalekwale kuwa a kan bishiyoyi aka riƙa tsinto su. Da ruwa ya janye, boka Mabodo ya shaƙi garin maganinsa har idanunsa suka kaɗa, ya fito dandali ya ce iskoki sun nuna masa mai laifi: fuskar katantanwar da ke gidan Anaiba.

Anaiba mai nutso ce, mace mai faɗin kafaɗa, 'yar ƙanwar sarki Gwariko. Fuskar kuwa kakarta ce ta sassaƙa ta daga katantanwar teku. Ba ta wuce tafin hannu ba, fara sol, haƙora a waje, idanu zuru-zuru. Ita ake ɗora wa mace a ciki in naƙuda ta yi tsanani, ita ake fara miƙa wa wainar rogo kafin kowa ya ci.

Aka aika a kira Anaiba. Ta zo da abarta ɗaure a goshi da zaren auduga.

"Cire ki ajiye a kan dutsen nan," in ji Mabodo, yana jujjuya gatarinsa na dutse.

"Baba boka, taka bukkar ma ai ta tashi sama. Naka iskokin barci suke yi a lokacin?"

Dariya ta ƙwace wa wasu mata a baya, suka toshe baki.

"Anaiba!" sarki ya daka mata tsawa daga kan kujerarsa. "Mutane na jin yunwa. Ki bayar a fasa, kowa ya huta."

"Kawu, in an fasa ta rogo zai fito? Da ita aka karɓi haihuwarka, kai ma ka sani."

Gwariko ya kawar da kai. Ita kuwa ta tako har gaban boka, ta durƙusa, ta ɗora goshinta a kan dutsen.

"Ga ta nan. Fasa. Amma da kaina za ka haɗa."

Tana jin sanyin katantanwar a fatarta. Mabodo ya ɗaga gatari, ya dubi sarki. Ba wanda zai zubar da jinin gidan sarauta a tsakar dandali, shi ma ya san haka. Hannunsa ya sauko a hankali.

"To ki bar mana garin," sarki ya ce. "Ke da ita."

"Na ji, Kawu. Dama kwalekwalena yana kan rimi, a sauko min da shi."

Aka sauko da shi, ta shiga teku. Ba ta yi kuka ba sai da gaɓar ta ɓace mata. Da ta waiwaya, sai ga wasu kwalekwale biye da ita: matan da aka karɓi haihuwarsu da fuskar, da mazajensu suna tuƙi suna gunaguni, da damman itacen rogo.

Suka sauka a wani ƙaramin tsibiri mai duwatsu. Shekarar farko sun sha wuya. Ƙaguwa da kifi suka rayar da su, wata tsohuwa ta mutu, wani magidanci ya zagi Anaiba ya kwashe iyalinsa ya koma. Da damina ta zagayo, rogo ya kama.

Ana nan sai ga ɗan aike daga Yamoka. Matar sarki ta kwana tana naƙuda, maganin Mabodo ya ƙi ci, sarki na roƙon a ara masa fuskar.

"Ba a aronta," in ji Anaiba. "Inda ta je, nan nake zuwa."

Ta ɗaura ta a goshi, ta shiga kwalekwalen. Da tsakar rana ta ratsa dandalin Yamoka, ta wuce Mabodo ko kallo bai ishe ta ba. Kafin la'asar aka haifi 'ya mace.

Gwariko ya ce ta dawo gida, zai gina mata bukka kusa da tasa.

"Rogona na jirana, Kawu," ta ce. Ta sha ruwa, ta nufi gaɓa.